Ƙaurar Gidan Wasan Kwaikwayo Zuwa Tsakiyar Birni: Abin da Dallas Ta Samu da Abin da Ta Bari

Gidan wasan kwaikwayo na yanki, a ma'anar da Amurkawa suka ba shi, ƙungiya ce ta ƙwararrun 'yan wasa da take zaune a birni guda, nesa da manyan gidajen wasa na Broadway da ke New York, tana shirya wasanninta da kanta shekara bayan shekara ba don neman riba ba, tana kuma rayuwa da kuɗin tikiti da gudummawar mutanen garin. A Dallas ta jihar Texas aka aza harsashin wannan tsari a 1947, lokacin da Margo Jones ta buɗe ɗan ƙaramin zaurenta a Fair Park, bisa imanin cewa bai kamata wasa mai inganci ya zama sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya gan shi ba. Daga ƙarshen ƙarni na 20 zuwa yau, wani yayi ya kama irin waɗannan gidaje, wato barin tsohon mazauni a koma unguwar fasaha, wadda fili ne da hukumar birni take warewa a tsakiyar gari domin tara gidan tarihi da zauren kaɗe-kaɗe da gidan wasa a wuri ɗaya. Akan gabatar da wannan ƙaura a matsayin ci gaba da ba ya bukatar hujja, alhali kuwa yana bukatarta ƙwarai, kuma labarin Dallas ɗin kanta ya isa ya nuna dalili.

An kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Dallas Theater Center a 1959 a ƙarƙashin jagorancin Paul Baker, kuma gidanta na farko, wanda aka sa wa sunan 'yar wasa Kalita Humphreys, zanen Frank Lloyd Wright ne, mashahurin mai zanen gine-gine da ya rasu a watan Afrilu na wannan shekarar, kafin a buɗe ginin a watan Disamba. Wright ya dasa ginin a jikin tudu, cikin itatuwan bakin rafin Turtle Creek, ya kuma sa masa dandamali zagayayye mai juyawa, ta yadda za a sauya fage ba tare da an saki labule ba. Bayan shekara 50 cif, a 2009, ƙungiyar ta mayar da manyan wasanninta gidan Wyly da ke unguwar fasahar birnin, wani dogon gini lulluɓe da bututun alminiyum wanda Rem Koolhaas da Joshua Prince-Ramus suka zana.

Masu goyon bayan ƙaurar suna da hujjar da adalci ya wajabta a saurara. Bayan fagen Kalita, wato inda ake ajiye kayan ado da inda 'yan wasa suke jiran shiga, ƙuntatacce ne, kuma siffar dandamalinsa takan tilasta wa mai shirya wasa bin tunanin Wright ko da wasan bai dace da shi ba. A Wyly kuwa, ana iya ɗaga benayen 'yan kallo sama da injina, a shimfiɗe daɓen, a sake fasalin zauren gaba ɗaya daga wasa zuwa wasa. Ƙungiyar ta samu lambar yabo ta Tony ta gidajen wasa na yanki a 2017, ba ta kuma yanke hulɗa da Kalita ɗungurungum ba, domin ta ci gaba da kai wasu wasanninta can. Masu wannan ra'ayi sukan ɗauki ƙorafin tsofaffin 'yan kallo a matsayin sabo turken wawa. Sai dai akwai abin da ba a cika ambata ba: wannan 'yancin sauya fasalin zaure ƙungiyar ta riga ta mallake shi tun 1984, a wata rumfar ƙarfe marar ado da Adrian Hall, magajin Baker, ya sa Eugene Lee ya zana a cikin ita wannan unguwar, rumfar da aka rushe a 2005 don share fagen sababbin gine-gine. Masu zanen Wyly da kansu sun bayyana cewa sassaucin wannan rumfa suka yi ƙoƙarin kiyayewa. Ke nan abin da fasaha ta bukata ya samu da kuɗi kaɗan, sauran kuɗin kuwa wata bukata ya biya, bukatar birni ya nuna kansa ga duniya da bukatar attajirai su ga sunansu a bango.

A nan ne damuwa ta farko take, kuma ita ce mafi nauyi. Cibiyar da ta ƙunshi Wyly da zauren opera na Winspear, wato gidan wasan kwaikwayon da ake rerawa, ta ci dala miliyan 354. Attajiri yakan ba da kuɗin gini cikin farin ciki saboda gini yana ɗaukar suna, amma kuɗin wuta da na sanyaya zaure da gyaran injinan ɗaga benaye da albashin masu gadi babu mai rububin biyansu, kuma su ne suke dawowa kowane wata har abada. Binciken da Jami'ar Chicago ta fitar a 2012 kan gine-ginen al'adu da aka yi a Amurka tsakanin 1994 da 2008, waɗanda suka lashe kimanin dala biliyan 16, ya nuna cewa an yi gini fiye da bukata, kuma mafi yawan ayyukan sun zarce kasafin da aka yi musu. A Dallas, sai da majalisar birni ta amince a 2016 ta tallafa da kuɗin jama'a wajen rage bashin ginin cibiyar. Lokacin da ƙungiyar wasan ta rage ma'aikata a 2023, annobar korona da janyewar 'yan kallo ne manyan dalilai, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa gini laifin duka. Amma ƙungiyar da take aiki a gini mai tsadar gudanarwa ba ta da inda za ta tsuke bakin aljihu sai a kan mutane, domin ba a sallamar rufi ko inji, ɗan wasa da tela da kafinta ake sallama.

Tsohon gidan shi ma yana da haƙƙi. Kalita mallakar hukumar birnin Dallas ne, kuma tun da hankalin masu ba da gudummawa ya koma tsakiyar gari, ginin ya shiga halin da kowa yake yabon darajarsa amma babu mai ɗaukar nauyin gyaransa yadda ya kamata, duk da cewa ƙananan ƙungiyoyi irin su Uptown Players suna ta wasa a cikinsa. Tsarin farfaɗo da shi da kewayensa da aka gabatar a ƙarshen 2022 ya haura dala miliyan 300, adadin da ya firgita jama'a har maganar ta tsaya. Abin takaici ne ƙwarai a ce birnin da ya iya tara ɗaruruwan miliyoyi don sabon gini ya bar aikin Wright yana jiran gyara shekara da shekaru. Minneapolis ta yi abin da ya fi wannan muni: gidan wasa na Guthrie, wanda aka buɗe a 1963 a ginin da Ralph Rapson ya zana, ya koma sabon gininsa na bakin kogin Mississippi a 2006, a ƙarshen shekarar kuma aka fara rushe tsohon, duk da cewa ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta ƙasar ta sa shi cikin wuraren da suke fuskantar haɗari tun 2002.

Sai kuma batun unguwannin da ake kwashe wa dukiyarsu. Fair Park, inda Margo Jones ta fara, tana kudancin Dallas, kewaye da unguwannin da mafi yawan mazaunansu baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi. Gidan adana zane-zane ya bar ta a 1984, ƙungiyar makaɗan birnin ta bi sahu a 1989, opera kuma a 2009, dukkansu zuwa unguwa ɗaya da ke jingine da babbar hanyar mota, wadda sai a 2012 aka shimfiɗa lambun Klyde Warren a kanta don masu tafiya da ƙafa su samu hanyar ƙetarawa cikin sauƙi. Tara gidajen fasaha wuri guda yana yi wa baƙo mai yawon buɗe ido daɗi, amma gidan wasa na yanki don ɗan gari aka ƙirƙiro shi, kuma duk gidan da ya tashi daga wata unguwa ya tafi da cinikin masu abinci da ayyukan yi da dalilin da zai sa yaron unguwar ya taɓa leƙa zauren wasa.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Arena Stage da ke Washington, wadda Zelda Fichandler da abokan aikinta suka kafa a 1950, ta zauna a mazauninta na kudu maso yammacin birnin da ta shiga a 1961, aka lulluɓe tsofaffin zaurukanta biyu da sabon rufi da bangon gilashi bisa zanen Bing Thom, aka ƙara na uku, aka sake buɗewa a 2010. Aikin ya ci kuɗi mai yawa shi ma, amma ba a bar kufai a baya ba. Saboda haka bai kamata wata majalisar birni ko hukumar amintattun gidan wasa ta sa hannu a kan ƙaura ba sai an ware, a rubuce, kuɗin kula da tsohon gini da sunan wanda zai riƙe shi, an kuma tanadi asusun gudanar da sabon wanda ba zai taɓa albashin 'yan wasa ba. Dallas ba ta cika sharaɗin farko ba a 2009, kuma gyaran Kalita bashi ne da yake kanta har yau.