Jan Biro a Gaban Masu Bincike

Malamin insha'i ya daɗe yana aiki da tsari ɗaya: ya rubuta jigo a allo, ɗalibai su duƙufa, ya tattara littattafai, ya bi su da jan biro, ya ba da maki. An tuhumi wannan tsari da hujjar bincike a 1963, lokacin da Richard Braddock da abokan aikinsa biyu suka tace ɗaruruwan nazarce-nazarce a Amurka. Sakamakonsu bai yi wa malamai daɗi ba. Sun ce haddar ƙa'idojin nahawu ba ta ƙara wa rubutun ɗalibi wani abin a zo a gani, har ma takan cutar, domin tana cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun kansa.

Sai tambaya ta sauya. Maimakon duba abin da ɗalibi ya miƙa, aka koma kallon yadda yake yin sa. A 1971 Janet Emig ta zaunar da ɗalibai takwas na ajin ƙarshe na sakandare a yankin Shikago, ta sa suna rubutu suna faɗin abin da ke ransu da baki. Mutum takwas ba su da yawa, kuma masu suka sun faɗi haka, amma hanyar ta buɗe ƙofa. Linda Flower da John Hayes sun bi ta, a 1981 suka nuna cewa marubuci ba ya tsara tunani ya gama, sannan ya rubuta, sannan ya gyara. Yana cikin jimla sai ya koma ya rushe shirinsa, yana cikin gyara sai sabon tunani ya faɗo masa.

Aikin da ya fi kusa da malamin aji shi ne na Nancy Sommers. A 1980 ta kwatanta ɗaliban jami'a ashirin da gogaggun marubuta ashirin, 'yan jarida da editoci da malaman jami'a. A wurin ɗaliban, gyara shi ne cire kalma a sa wata, ko goge maimaici. Gogaggun kuwa suna ɗaukar zubin farko a matsayin lalube, inda suke neman abin da suke son faɗi. Idan sun same shi sai su sake gina rubutun, ko da za su zubar da rabinsa. Bayan shekara biyu ta juya kan malamai, ta bi sharhin da 35 daga cikinsu suka rubuta a gefen takardun ɗalibai. Yawancin sharhin, in ji ta, za a iya ɗauke shi daga wannan takarda a manna wa waccan ba tare da an lura ba. Wani malamin ma zai umarci ɗalibi ya daidaita waƙafin wata jimla, a gefe guda kuma ya ce a sake sakin layin baki ɗaya. To wanne yaro zai bi? Mai sauƙin zai ɗauka, ya gyara waƙafi ya miƙa.

Daga nan tsarin rubutu daki-daki ya mamaye makarantun Amurka: zubin farko, karanta wa abokai, sake zubi, tace kurakurai a ƙarshe. Wasu malamai suka wuce gona da iri, suka bar yara su yi ta rubuta abin da suka ga dama da sunan neman muryarsu.

Lisa Delpit, malama baƙar fata, ita ta taka musu burki a 1986 da 1988. Hujjarta mai ƙarfi ce: ɗan masu hali ya taso da salon harshen ofis da jami'a tun daga gida, ɗan talaka kuwa idan ba a koya masa ƙa'idojin a fili ba, an rufe masa ƙofa ne cikin ladabi. A Ostareliya, Jim Martin da Joan Rothery sun duba rubutun 'yan firamare suka tarar yawanci labarin abin da ya faru da su ne kawai, ba rahoto, ba muhawara. Maganin da suka kawo a makarantun Sidni mataki uku ne. Malami da ɗalibai su warware samfurin rubutu su ga yadda aka gina shi, su rubuta wani tare a allo, sannan kowa ya yi nasa.

Ɓangarorin biyu, masu tsarin daki-daki da masu koyar da ƙa'idoji a fili, sun yi ta sa-in-sa, amma dukansu suna buƙatar abu guda da jarrabawa ba ta bayarwa, wato lokacin sake zubi. Takardar Ingilishi ta WAEC tana neman insha'i mai kalma 450 cikin kusan minti 50, kuma zubin farkon shi ake ba wa maki. Malamin da ke shirya aji mai cunkoso domin wannan rana, da wuya ya karɓi rubutu ɗaya sau biyu.