Matar Manomi a Fim ɗin da Ba Ya Magana

Kafin fim ya koyi magana a ƙarshen shekarun 1920, fuskar ɗan wasa ita ce harshensa. Shi ya sa matar da idon mijinta ke waje ta zama abin nema ga masu shirya finafinan wancan zamani, domin ba sai ta furta komai ba, kallonta ya isa. Ba irin waɗannan finafinai ne suka fara isowa karkarar arewacin Kano ba. Majigin da Turawan mulkin mallaka suka riƙa yawo da shi a mota ya fi karkata ga tsafta da noma. Amma labarin da ke cikinsu ba baƙo ba ne a Ɗambatta ko Bichi.

A fim ɗin Sunrise, wanda Bajamushe F. W. Murnau ya shirya a Amurka a 1927, wani manomi ne ya faɗa tarkon wata 'yar bariki da ta zo ƙauyensu hutu. Masu ba da bashi suka kwashe masa dabbobi, ita kuma ta ce ya sayar da gona ya bi ta birni, matarsa kuwa ya kifar da ita a kwale-kwale. Har ya tanadi damin ciyawar bakin ruwa da zai tsira da shi. A tsakiyar ruwa ya miƙe zai aikata, matar ta haɗa hannu tana roƙo, ya kasa. Janet Gaynor ce ta fito a matar, kuma wannan rawa na cikin waɗanda suka sa ta karɓi kyautar Oscar a bikin farko, a 1929. Ta cancanta. Dubi yadda take takurewa a jirgin cikin gari, ko yadda kuka ya ƙwace mata sa'ad da ya miƙa mata burodi. Duk wanda ya taɓa ganin mace ta yi yaji zaune a ɗakin uwarta ya san wannan fuska.

Inda na raba gari da Murnau shi ne saurin yafiyar. Mutumin da ya yi niyyar kisa da safe, kafin la'asar sun shiga coci sun kalli ɗaurin auren wasu, ya durƙusa ya yi kuka, shi ke nan. Sauran yinin ya tafi a wurin wanzami da mai hoto da filin wasa. Tubar mijin ce aka ba lokaci. Tsoron matar ko yini guda ba a bari ya yi ba. Cecil B. DeMille ma ya fi shi rashin kunya: a Why Change Your Wife? na 1920, laifin na matar ne baki ɗaya, maganin kuma shi ne ta cire tabarau ta sayi sababbin tufafi. Wannan nasiha har yau ana yi wa matanmu ita, sai dai da turaren wuta da lalle.

A yankinmu gonaki a manne suke da juna, ba dajin da za a sara a yi sabuwa, don haka mijin da ya jinginar da gona saboda matar waje ya ci abincin 'ya'yansa na baɗi. Matar ba zama take yi tana jiran asuba ba: ƙuli-ƙuli take soyawa, ta ɗora wa yara talla, ta shiga adashi. Wannan ɓangare ne Balaraba Ramat Yakubu ta gani a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda Delu, Rabi ta riƙe su da sayar da abinci. Ita ma an matsa mata ta koma masa bayan arzikinsa ya karye, amma marubuciyar ba ta ɓoye cewa matsi ne ba.

Shi kuwa Murnau, guguwa ya kawo a hanyar komawa gida, mijin ya ɗaura wa matar damin ciyawar nan, aka tsamo ta da rai. 'Yar bariki ta hau keken doki ta bar gari, rana ta fito. Dabbobin da aka kwashe da bashin da ke kan gonar, fim ɗin bai sake waiwayarsu ba.