Taubasantaka cikin kakin ƴan sanda: tarken fina-finan Starsky & Hutch, 21 Jump Street da CHiPs

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tarke ce a kan wani rukunin fina-finan Amurka waɗanda suka yi tarayya a abu uku: taurarinsu ƴan sanda ne biyu abokan aiki, faɗa da ban dariya suna tafiya tare a cikinsu, kuma kowanne an gina shi bisa wani tsohon shirin talabijin. Mun zaɓi guda uku: Starsky & Hutch na 2004 (shirin asali 1975-1979), 21 Jump Street na 2012 (1987-1991), da CHiPs na 2017 (1977-1983).

Mun kalle su da muryar Faransanci tare da matasa, a gidajen bidiyo da kan wayar salula, a Agye da Gazawa da Tibiri ta gundumar Gidan Rumji. Abin da muka lura shi ne, sau da yawa inda masu fim suka ɗana tarkon dariya shiru ake yi, sai a wani wuri daban ɗaki ya kece. Tambayarmu ke nan: wace dariya ce take ƙetarowa, wace ce take maƙalewa a hanya, kuma don me?

1. Dariyar da take buƙatar tuni

Kaso mai yawa na ban dariyar waɗannan fina-finai ya dogara ga mai kallon da ya san tsohon shirin. A ƙarshen Starsky & Hutch, wasu dattawa biyu suna kawo wa taurarin jar mota Ford Gran Torino mai farin zane. Ba'amurke ya san Paul Michael Glaser ne da David Soul, wato Starsky da Hutch na asali, suke miƙa gado. A Gazawa kuwa dillalan mota ne kawai. Haka a 21 Jump Street, wani ɗan daba yana cire gemun ƙarya, sai ga Johnny Depp a matsayin Tom Hanson, sunan da ya ɗauka a shirin 1987, nan take kuma a harbe shi. Wanda bai san shirin ba ya ga mutuwa, bai ga raha ba.

Akwai kuma tunin da ya shafi doka. A farkon wannan fim an saki mai laifi don ɗan sanda Jenko ya kasa karanta masa haƙƙoƙinsa lokacin kamu, ƙa'idar da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a shari'ar Miranda a 1966. Duk waɗannan ishara ce zuwa wani matani da ba ya hannun mai kallo. Tamkar a yanke karin magana a tsakiya ne ga wanda bai taɓa jin ƙarshensa ba.

2. Darasin masu juya murya na Faransa

Ya kamata mu tuna cewa shirin Starsky & Hutch na asali labarin ƴan sanda ne mai nauyi, raharsa kaɗan ce. Da ya shiga Faransa a 1978, Jacques Balutin da Francis Lax, waɗanda suka ba taurarin murya, suka riƙa cusa zolaya da tsokanar da babu su a Ingilishi, har aka raɗa wa mai kawo musu rahoto laƙabin «Huggy les bons tuyaux». Ashe shekara 26 kafin fim ɗin Todd Phillips, fassara ta riga ta mai da shirin abin dariya ga masu jin Faransanci. Masanin harshe zai ɗauki darasi a nan: hoton bai canja ba, dangantakar mutanen biyu ce ta canja, kuma baki ne ya canja ta. Irin wannan aiki ne masu fassara fina-finan Indiya a Kano, kamar kamfanin Algaita, suke yi da Hausa.

3. Dariyar da take ƙetarowa

Inda matasanmu suke dariya shi ne inda ɗan sanda yake yi wa abokinsa cin fuska, shi kuma ya haɗiye ko ya rama, ba tare da zumunci ya tsinke ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne wasan taubasai, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, da wasan barkwanci tsakanin al'ummu (parenté à plaisanterie), kamar Gobirawa da Yarbawa, ko Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014. Mutumin Tibiri wanda ya tashi yana jin ana kiran babban mutum «bawana» a tsakiyar kasuwa, ana dariya, ba ya buƙatar sharhi kafin ya gane Starsky da Hutch.

Sai dai akwai bambanci muhimmi. A wurinmu gadon wannan izini ake yi, ana haihuwar mutum da taubashinsa. A fim kuwa nemansa ake yi, kuma neman nan shi ne ainihin jigon labarin, kamun mai laifi rakiya ce. A namu ganin wasan yana da sharaɗi uku: ana yin sa a gaban ido, yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, kuma yana ɗauke da wajibcin taimako ranar wuya. Da wannan ma'auni za mu auna fina-finan.

4. Hukunci

21 Jump Street na Phil Lord da Christopher Miller ne ya fi cika sharuɗɗan. Schmidt (Jonah Hill) mai ƙwaƙwalwa ne marar ƙarfi, Jenko (Channing Tatum) mai ƙarfi ne marar karatu. An tura su makarantar lise a matsayin wa da ƙane don su gano masu sayar da ƙwaya. Rikicinsu ya taso ne lokacin da Schmidt ya yi wa Jenko ba'a a bayan idonsa, gaban bare, shi kuwa yana ji ta na'urar leƙen asiri. Maganar ba ta fi waɗanda suka saba yi wa juna zafi ba, wurin faɗarta ne ya mai da wasa cin amana. Gyaran ya zo da Jenko ya tare wa abokinsa harsashi. Ko an cire duk ishara zuwa tsohon shirin, labarin yana tsaye da ƙafarsa.

Starsky & Hutch yana tsaka-tsaki. Ben Stiller mai tsananin bin doka ne, Owen Wilson mai sakaci da ɗan hali, kuma haɗin ya yi armashi. Amma rabin ƙarfin fim ɗin ya tafi wajen kwaikwayon tufafi da aski da kiɗan shekarun 1970. Wanda bai rayu a wancan zamani a Amurka ba, rabin kuɗinsa ya kalla.

CHiPs na Dax Shepard ne ya fi rauni. Zolayar Jon da Ponch kusan duk a kan batsa da tsiraici take, wato ta karya sharaɗi na biyu. Mun ga yadda ɗaki yake yin tsit idan akwai babba a ciki. Taubashi yana taɓa cin tuwonka da rowarka da tsoronka, amma ya san inda kunya ta kafa shinge. Tseren babura yana da kyau, sai dai ba ya maye gurbin dangantaka.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fitar da shawara biyu. Ta farko ga mai juya irin waɗannan fina-finai zuwa Hausa: kada ya ɓata ƙarfinsa wajen bayyana isharar da mai kallo ba shi da makullinta. Aikinsa yana cikin kalmomin kira. Ingilishi yana da wakilin suna ɗaya tak na wanda ake magana da shi, Faransanci yana da «tu» da «vous», Hausa kuwa tana da kai da ku, da malam, da yallaɓai, da abokina, da bawana. Lokacin da ɗan sanda ya tashi daga «malam» zuwa «bawana», mai kallo ya san an ƙulla zumunci.

Ta biyu ga ɗalibanmu. Amurkawa sun iya sabunta tsofaffin shirye-shiryensu ne don sun adana su, ana ta maimaita nuna su har jikoki suka san su. Mu ma muna da namu, kamar Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da Hausarsa ta barikin soja. Tattara irin waɗannan wasanni, da rubuta maganganunsu, da nazarin yadda ƴan wasan suke kiran juna, aiki ne da ya isa kundin digiri, kuma gara a fara shi tun waɗanda suka kalle su suna da rai.