Farin Inabin Hunkuyi a Kan Faranti

Da la'asar ɗin wata Juma'a cikin hunturu, wani dattijo mai tallar kayan marmari a bakin layinmu na Tudun Wada a Kano ya ɗaga min nonon inabi ɗaya, ya ce, "Malam, wannan namu ne na gida, daga Hunkuyi." Lambun wani ɗan'uwansa ne, shi da 'ya'yansa suke aikinsa. Na sayi kilo 1, kuma tun ranar nake son in yi wa wannan aiki bita kamar yadda ake yi wa littafi, domin ya cancanta.

Fari ake ce masa, amma launinsa kore ne mai hasken zuma. In ka ɗaga ƙwaya ɗaya ga rana, kana hango 'ya'yan cikinta. Fatar na da ɗan kauri, sai ka ciza ta fashe. Tsami ne ke fara yi maka sallama, siriri, kafin zaƙi ya biyo baya ya zauna a harshe, daga ƙarshe kuma ɗan bauri idan haƙori ya taɓa ƙwallon. Wannan jerin shi ne abin da na fi yabawa. Inabin Afirka ta Kudu da ake saukewa a 'Yan Lemo ta Na'ibawa ya fi shi girma da kyan gani, ba shi da ƙwallo, amma bayan makonni a cikin sanyin kwantena zaƙinsa a kwance yake, ba hawa ba sauka.

A Faransa ko Italiya irin wannan lambu na iyali giya ake matsewa daga cikinsa. Mu nan ci muke yi, halal ɗinmu, saboda haka ɗanɗanon ƙwayar ba shi da inda zai ɓuya.

Gwanintar tana cikin aski. A Turai sanyi ne ke sa kurangar inabi barci, ta farka da kanta. A Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan da ke arewa da Zariya, babu wannan sanyin, don haka manomi ne ke datse rassa ya zubar da ganye a ƙarshen damina, ya tilasta mata sabon toho. Wajen wata 4 bayan haka ake tsinka. In ya yi gaggawa, ruwan sama ya kawo fumfuna a ganye. In ya makara, zafin bazara ya riski 'ya'yan. Tsakanin nan ga ban ruwa, ga ɗaure rassa a rumfa, ga tsuntsaye da suka fi kowa sanin ranar nuna. Duk wannan na ji shi a bakina.

Inda aikin ya gaza, zan faɗa. Nonon bai nuna bai-ɗaya ba: na sama zaƙi, na ƙasa da saura, alamar ba a rage 'ya'yan tun suna ƙanana ba. Wasu kuma sun murƙushe a kwando kafin su iso Kano. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba suna. Ba kwali, ba takarda, ba abin da zai gaya min lambun wane ne in nema baɗi.

Da na koma bayan kwana biyu ya ƙare. Na ce, "Baba, in an kawo wani a ajiye min." Ya ce sai dai in ɗan'uwan ya sake tsinka ranar Talata.