Labarin Kimiyya da Hannun Mai Walda

Har yanzu akwai manazartan da in an ambaci ƙagaggen labarin kimiyya a Hausa sai su taɓe baki, su ce ai tatsuniyar aljanu ce aka sa wa rigar ƙarfe. Mai faɗin haka bai lura da inda hanyoyin biyu suka rabu ba.

Tarihin labarin kimiyya a Hausa ba shi da tsawo. Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934 sun kai mu ƙasashen al'ajabi, amma da taimakon aljanu. Sai a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya yi sararin samaniya da shi. Ƙofar ta buɗe, masu shiga ne ba su yi yawa ba, littattafan soyayya suka cinye kasuwa.

Abin da ya raba labarin kimiyya da tatsuniyar aljanu shi ne lalacewa. Aljani ba ya shan mai, ba ya zafi, ba ya tsayawa a hanya. Inji kuwa yana yin duk ukun, kuma a nan labarin kimiyya yake samun ransa. Dubi A Fall of Moondust na Arthur C. Clarke, na 1961. Clarke ya yi aikin na'urar rada a rundunar sojan saman Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma hannun ma'aikacin ya fito a kowane babi. Jirgin yawon buɗe ido mai suna Selene ya nutse cikin ƙurar wata da mutum 22. Babu mugu a labarin, babu takobi. Ƙurar ta rufe jirgin, zafin jikin mutane da na injuna ya rasa mafita. An samu sauƙin wannan, sai abin da ke tace iskar numfashi ya gaza. Masu ceto ba su da inda za su kafa ƙafa, dole suka haɗa dandamali a kan ƙura, suka riƙa zura bututu gaɓa-gaɓa har ya taɓa rufin jirgin. Kowane gyara yana haifar da sabuwar matsala, kuma kafin ta zo marubucin ya riga ya nuna maka dalilinta. Shi ya sa gabanka ke faɗuwa: ka san dokar da abin ke bi, ka san ba za a karya ta don a ceci kowa ba. Wannan dabara ta fi mini duk wani kwatancen taurari daɗi.

Wanda ya san irin wannan tunani a ƙasarmu yana rumfar walda. A Funtuwa da Malumfashi, da kaka ta kama, ka tsaya wajen masu ƙera injin casar masara. Ganga ce mai haƙoran rodi tana juyawa cikin rariyar ƙarfe, bel na jan ta, fanka na hure dusa, totuwa na fita ta gefe. In tazarar haƙora da rariya ta matse, ƙwaya ta farfashe, a karya mata farashi a kasuwar Dandume. In ta yi faɗi, masara ta bi totuwa. Mai walda yakan kasa kunne kawai ya ce boris ne ya ci. Mutumin da kullum yake tambayar me zai fara lalacewa ya riga ya mallaki ƙashin bayan labarin.

Masu cewa sai mai digirin adabi ne zai iya, su tuna Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926, kayan rediyo yake sayarwa. Liu Cixin na Sin, da ya ci kyautar Hugo a 2015, ya yi aikin injiniya a tashar wutar lantarki a lardin Shanxi. Ni dai ina kyautata zaton babban littafin kimiyyar Hausa daga hannu mai tabon walda zai fito, wataƙila a kan rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da ta tsaya ana tsakiyar noman rani a Kafur. Roƙona ga editan da rubutun zai faɗo hannunsa shi ne ya gyara ƙa'idar rubutu, amma ya bar boris da bel da rodi yadda mai su ya faɗe su.