Masu Kala: Daga Barbizon Zuwa Gonakin Roni

Yau zane na kawo muku, kuma tunda rediyo ba ta da ido, ku ara mini kunnuwanku in zana muku shi da baki.

Mata uku ne a gonar alkama bayan girbi. Biyu sun duƙa har hannu ya kai ƙasa, ta ukun ta ɗan ɗago amma bayanta ya ƙi miƙewa, 'yan zangarniyoyi a hannunta. Can nesa ga amfanin gona tsibi-tsibi, ga amalanke, ga wani bisa doki yana lura da ma'aikata. Jean-François Millet, ɗan manomi daga Normandi, shi ya zana shi a 1857, yana zaune a Barbizon, ƙauyen bakin dajin Fontainebleau da ya koma tun 1849. Yanzu zanen yana gidan tarihi na Orsay a Paris.

Da aka fara nuna shi, masu hannu da shuni suka ɓata rai. Juyin juya halin 1848 bai daɗe da wucewa ba, ga shi an sa talaka a gaba, an tura dukiyar mai gona can baya.

To ni, Allah ya sani, ranar da na fara ganinsa kala na gani. Gonar gyaɗa ta faɗo mini, tsakanin Roni da Gwiwa, da kaka, an cire an kwashe, sai wata tsohuwa da jikanyarta suna tona ƙasa da 'yar fartanya, ƙwaya ɗai-ɗai cikin ƙwarya, rana na dukan ƙeya. In ta haɗa tiya guda, ranar kasuwa ta samu na gishiri da daddawa. Irin wannan duƙawar Millet ya kama, har mai kallo ya ji ƙugunsa na amsawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, muna da masu hannun zane. Ku tsaya bakin titin Kazaure ku dubi bayan manyan motocin da ke wucewa Daura: zaki, mikiya, dawakai, fenti kamar zai yi magana. Amma wa ya zana mana tsohuwar nan? Wanda ma ke gudun zana mai rai, ga duwatsun Roni da yamma lis, ga ruwan dam ɗin Kazaure, ga rumbunan Babura bisa rairayi bayan an shigar da gero.