Turo kafaɗa gaba ba cuta ba ne

Idan kana kallon bidiyoyin gyaran tsayuwa a TikTok ko YouTube, to tabbas ka ci karo da kalmar furotirakshan. Kusan kullum da sigar zargi ake kawo ta: wai kafaɗunka sun zubo gaba, maza ka ja su baya kafin ka lalace. Ni dai a ganina an zalunci wannan kalma.

Asalinta daga Latin ne, ma'anarta ja zuwa gaba. A ilimin sassan jiki, sunan motsi ne kawai: wani sashe ya turo gaba ba tare da ya ɗaga sama ko ya sauka ƙasa ba. Turo haɓarka har haƙoran ƙasa su wuce na sama, ka yi shi ke nan. Amma an fi amfani da kalmar a kan allon kafaɗa, lokacin da ya zame a bayan haƙarƙari, ya nisanci ƙashin baya, ya zagayo gaba.

Babban mai wannan aiki wata tsoka ce, seratus antiriyo, wadda ta taso daga haƙarƙari 8 ko 9 na sama ta kama gefen allon kafaɗa na ciki. Ita ke ƙara wa ɗan dambe tsawon hannu idan ya kai naushi. Ita ce kuma ke aiki idan ka tura ƙofa ko ka miƙa hannu ƙarshen tebur. To ta yaya motsin da ake yi kullum zai zama ciwo?

Masu bidiyon sun haɗa motsi da yanayin zama, alhali abu biyu ne daban. Gaskiya ne mai duƙufa a kan kwamfuta yakan wuni da kafaɗu a gaba, sai dai bincike bai nuna cewa wannan kaɗai na jawo ciwon kafaɗa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba sa faɗin inda matsalar gaske take, wato rashin iya motsin. Idan jijiyar da ke sarrafa tsokar ta samu rauni, allon kafaɗa kan ɓullo baya kamar fiffike, musamman idan mutum ya tura bango, ɗaga hannu sama ma ya yi wuya. Mai wannan alama likita ya kamata ya gani, don ja da kafaɗa baya ba zai gyara jijiya ba.